Saƙon Inna Ya Ƙi Buɗuwa

Saƙon ya shigo da hantsi, daidai lokacin da Dogo ya dawo daga bakin kogi da takalma shaƙe da laka. Tashar tura ruwan da yake aiki tana can bayan duwatsu, inda wayar hannu ba ta da wani amfani sai haska fitila da duba lokaci. Tun da ambaliya ta cinye gadar da ke haɗa su da gari, motar ma'aikata ma ta daina zuwa. Su biyu ne a wurin, shi da Makanike, wani dattijo mai kula da injina, sai kwamfuta guda a ɗakin awo.

Kwamfutar nan in ka gan ta sai ka tausaya wa wanda aka haɗa da ita. Allonta baƙi ƙirin, rubutunta kore, ba hoto ba komai. An kawo ta ne don ta riƙa aika awon ruwa zuwa hedikwata, kuma layin da take bi ba a buɗe yake kullum ba. Yakan buɗe lokaci-lokaci, ya kwashi awon, ya sauke abin da ke jira, ya rufe abinsa. Wanda ya kafa ta ya bar wata tsohuwar manhajar imel a ciki, irin wadda sai ka buga mata umarni harafi-harafi kafin ta motsa, da ita ma'aikatan tashar ke gaisawa da gida. Gaisuwa dai tana kaiwa lafiya lau. Abin da ya wuce rubutu kuwa ba ta san shi ba, kuma ba ta nemi sani ba.

Saƙon daga Auta ne, ƙanwarsa.

"Yaya, jikin Inna ya tsananta, muna asibiti tun jiya. Likita ya ce a sanar da wanda za a sanar. Da safen nan ta ce kowa ya ba ta wuri, ta sa na danna mata ɗaukar murya a wayata na fita. Ga shi na maƙala maka. Ta ce kunnenka kaɗai, ta sa na rantse ba zan saurara ba. Tana jiran amsarka."

Ƙasa da wannan, inda muryar ya kamata ta kasance, sai haruffa. Manya da ƙanana da lambobi a cakuɗe, layi bayan layi, duk tsayinsu ɗaya kamar an datse su da almakashi. Ya danna su wuce, suka yi ta wucewa, ba kalma ɗaya da mutum zai iya furtawa.

Inna haka take tun suna yara. In tana da magana mai nauyi da ɗaya cikin 'ya'yanta sai ta ce, "Ku ba mu wuri," kowa ya kwashi takalmansa, ta ja ƙofa. Abin da aka faɗa a ciki ba ya fitowa, kuma ba ta maimaita shi. Ba ta iya rubutu ba, ba ta kuma yarda wani ya rubuta mata cikinta. Dogo ya fi kowa shiga ɗakin nan, ya kuma fi kowa fitowa yana huci, don shi ya kwashe taurin kanta kaf bai rage wa sauran ba.

Ba wai bai san komai a kwamfutar ba. Ya buga umarnin da ke zuba saƙo cikin fayil, ya fita daga manhajar, ya kwafe fayil ɗin a memori, ya zura a wayarsa. Wayar ta ce ba ta san wannan ba. Ya sauya wa fayil ɗin suna ya sa masa wutsiya irin ta waƙoƙi, ya sake gwadawa, ta ce fayil ɗin ya lalace. Ya tuna wani umarni da wanda ya koya masa aiki ya taɓa nuna masa na warware irin waɗannan haruffa, ya buga. Kwamfutar ta amsa da Turancinta gajere cewa ba ta ga layin farawa ba.

"Wane layin farawa kuma? Ga layuka nan sun fi ƙarfin ƙirga, ki zaɓi ɗaya mana!"

Ihun ne ya kawo Makanike, yana goge baƙin mai da tsumma. Ya leƙa allon, ya karanta saƙon Auta da kyar, leɓɓansa na motsi, sannan ya ja kujera ya zauna.

"Ni dai abin da na sani," in ji shi, "in inji ya ƙi, ko mai ne, ko iska, ko wuta. Wannan kuwa ba ta shan ko ɗaya daga biyun farko. Kira hedikwata, Dogo, ka daina yi mata tsawa, ba ta da kunne."

Hanya ɗaya suke da ita ta jin muryar mutum daga waje, wato oba-oba, rediyon sadarwar da ke kan tebur, wadda ke haɗa duk tashoshin kogin da hedikwata. Ranar hutun mako ce, amma saboda ambaliya an bar Injiniya a bakin aiki, mace ce mai sanyin magana da ba ta taɓa ganin tashar da idonta ba. Dogo ya zayyana mata komai, yana haɗa kalmomi biyu a numfashi ɗaya.

"Yi a hankali," ta ce. "Muryar tana nan, an dai mayar da ita haruffa ne don ta bi layi. Manhajarku ta girmi wannan salon, shi ya sa ta zube maka su ɗanye. Buɗe fayil ɗin ka goge rubutun ƙanwarka, ka bar haruffan kawai. Zan faɗa maka abin da za ka buga."

Ya goge gaisuwar Auta da rantsuwarta layi-layi. Sai aka shiga karatu. Injiniya na faɗin harafi, oba-oba na haɗiye rabi cikin ƙara, Dogo na maimaitawa, Makanike na tsaye a kansa yana nuna madannin da ba shi ake nema ba. Umarni na farko, kwamfutar ta ce ba ta da shi. Na biyu ma haka. A na uku Injiniya ta ce, "Yanzu kibiya mai kallon dama, tazara, sai sunan..." ƙara ta taso ta cinye sauran. Dogo bai jira ba. Ya buga sunan fayil ɗin da ke hannunsa ya danna.

Kwamfutar ba ta yi ƙorafi ba, wannan karon ko uffan ba ta ce ba. Har ya fara murna.

"Wane suna ka sa bayan kibiyar?" Injiniya ta tambaya da ƙarar ta lafa.

Ya faɗa mata.

"Sabon suna na ce. In ka sa tsohon, sai ta fara share shi tas kafin ta karanta. Ba komai, koma cikin akwatin saƙo ka sake zubo shi."

Ya koma. Akwatin wayam. Ashe ɗabi'ar tsohuwar manhajar ke nan, duk saƙon da ka zuba a fayil ta ɗauka ka gama da shi, kana fita sai ta jefar. Ba ta tambaya, ba ta gargaɗi. Dogo ya miƙe tsaye, ya ɗaga kujerar ƙarfen da yake kai, sai da Makanike ya riƙe ƙafarta ɗaya.

"In ka fasa ta, da me za ka amsa wa uwarka?"

Ya ajiye kujerar. Ya rubuta wa Auta ta sake turowa, sannan ya zauna jiran layi ya buɗe. Wannan jiran ya fi komai ciwo. Ya fita ya duba ma'aunin ruwa, ya dawo bai san abin da ya gani ba, ya sake komawa. Suka yi azahar a barandar ɗakin injina, ya idar bai tabbatar raka'a nawa ya yi ba. Makanike ya ɗora ruwan shayi ya zuba masa, shayin ya huce a inda aka ajiye shi.

Da layin ya buɗe ya rufe, ya kuma buɗewa, sai ga saƙon ya dawo, da ƙarin layi a sama: "Ta tambaya ko ka amsa. Na ce kana kan hanyar ji."

Wannan karon bai yi gaggawa ba. Ya kwafi fayil ɗin gida biyu, ya maimaita wa Injiniya kowane harafi sai ta ce haka ne kafin ya danna. Sabon fayil ya fito, mai nauyi, ba haruffa a cikinsa. Ya kwafe a memori, ya zura a waya, ya sa abin kunne. Makanike da kansa ya tashi ya fita, ya ja ƙofa, ba wanda ya ce masa ya ba da wuri.

Wayar ta yi ɗan tunani, ta ce ba za a iya kunna wannan fayil ba.

Ya danna ya fi a ƙirga. Ya kashe wayar ya kunna. Ya hure memorin ya goga a riga, kamar ƙura ce ta tsaya tsakaninsa da Inna.

"Duba ƙarshen saƙon," in ji Injiniya. "Can ƙasa, bayan haruffan. Me ka gani?"

Sai da ya daɗe yana gangarawa kafin ya kai. Layin ƙarshe ya tsinke a tsakiya, ƙarƙashinsa an rubuta cewa saƙon ya wuce girman da aka yarda, an datse sauran.

"Na manta da wannan dokar," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "An sa ta ne tun lokacin da wani ya toshe layi da hotuna, awon ruwa ya kasa isowa. Wanda ke da kalmar sirrin cire ta yana hutu, na kira wayarsa tun ɗazu a kashe."

"To ai an samu na farkon, ranki ya daɗe. A ba ni na farkon! Ko rabi ne, ko gaisuwar ce kawai."

"Da zai yiwu da na ba ka. Irin fayil ɗin da waya ke yi, bayanin yadda za a karanta shi a can wutsiyarsa yake. In babu wutsiyar, ko kalma ɗaya ba za ta fito ba."

Dogo ya rubuta wa Auta abin da bai taɓa zaton zai rubuta ba. Ya ce ta shiga banɗaki ta saurara ta rubuto masa, alhakin rantsuwar a wuyansa. In ba haka ba ta roƙi Inna ta sake faɗi a taƙaice. Amsar da ta zo ba ta da tsawo. An sa wa Inna robar numfashi, kalma biyu take haɗawa ta huta, maganar safe ta tafi da ƙarfinta. Batun saurare kuwa, "Yaya, hannuna ta riƙe na rantse, kuma yanzu haka idonta a kaina yake. Ka yi min duk faɗan da za ka yi, ba zan iya ba."

Injiniya ce ta kawo dabara. Auta ta turo mata fayil ɗin can hedikwata, ita kuma ta yayyanka shi ƙanana ba tare da ta kunna ba, ta riƙa aiko masa gunduwa-gunduwa, in sun cika ya haɗa. Auta ta yarda da wannan. Sai dai a kowace buɗewa layin 'yan gunduwoyi kaɗan yake iya ɗauka bayan awon ruwa, kuma awon ruwa ba a taɓa shi, ga kogi na cika.

"Yaushe za su gama isowa?" Dogo ya tambaya.

"Gobe da safe, in layi bai yi gardama ba."

Ya kifa goshinsa a kan tebur. Can Injiniya ta sake magana, tana jan kalmomin kamar ba ta so su fito.

"Akwai wata hanyar. Fayil ɗin yana gabana, cikakke. In ka ce in kunna, sai in kara wayata a bakin oba-oba, ka ji yanzun nan."

Ya ɗago. Yatsansa na kan madannin magana, bakinsa ya riga ya buɗe. Yanzun nan, ba gobe ba. Kafin ya furta sai wata murya ta kutso, ta mai gadin tashar ƙasa, wanda Dogo bai taɓa haɗuwa da shi ba.

"Allah ya ba ta lafiya, Dogo. Tun safe muna jin ku, muna ta addu'a."

Wani daga tashar sama ya ce amin, wani ma ya ce amin. Mutanen kirki ne, kuma ba mai ikon kashe oba-obarsa ranar da kogi ke hauka. Dogo ya hango Inna a zuciyarsa, ta kori 'ya'yan cikinta daga ɗaki, ta ja numfashin da ya rage mata ta yi magana da shi kaɗai, shi kuma zai watsa ta daga wannan bakin kogi zuwa wancan.

"A'a," ya ce. "Na gode, ranki ya daɗe. A ci gaba da yankawa."

Bayan la'asar gunduwoyin farko suka iso, tare da saƙon Auta: "Numfashinta ya canja. Nas ta ce kar mu yi nisa. Duk buɗe idon da za ta yi sai ta ce ya amsa? Yaya don Allah ka ce wani abu."

Ya juya ga Makanike, idanunsa sun kaɗa jajir. "Baba, kai ka binne uwa. Me suke cewa?"

Makanike ya daɗe yana murza tsumman hannunsa. "Tawa gafara ta nema, ita da ba ta yi min komai ba. Wata amana take bari, wata kuma bashin magana take saukewa. Ban san taka ba."

"To in rubuta abin da zai shiga ko'ina."

"Ƙarya ke nan fa."

"Na sani! In bar ta ta tafi tana tambaya?"

Dogo ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, a ƙarshe ya bar wannan: "Inna, na ji duk abin da kika ce. Na yarda, na ɗauka. Ki kwantar da hankalinki." Ya karanta, ya ga ba inda za a kama shi. Layi ya buɗe ya tafi da shi.

Rana ta yi sanyi kafin amsa ta zo. Ya buɗe da yatsa ɗaya.

"Na karanta mata. Sai ta fara dariya har tari ya sarƙe ta, nas ta shigo da gudu. Da ta samu numfashi ta ce, 'Bai ji ba. Da ya ji da ya yi faɗa.' Ta juya fuskarta bango."

Dogo ya karanta sau ɗaya. Kunya ta fara zuwa, baƙin ciki ya biyo ta, sai kuma wani abu mai zafi ya taso masa daga ciki ya ture su duka. Ya jawo madannai gabansa ya hau bugu, ba gogewa, ba gyara.

"E, ban ji ba! Tun hantsi nake dambe da wata tsohuwar kwamfuta mai taurin kai irin naki, ban ci ba ban sha ba. Ke kullum sai kin wahalar da mutum. Me zai ragu a jikinki in kin bar Auta ta rubuto? Duniya kowa na barin wasiyya a fili, ke sai kin kulle taki kin jefa makullin a kogi. Kuma ko me kika ce, in dai cewa kika yi kin gaji za ki tafi, ban yarda ba. Ba inda za ki sai na ji, sai na zo mun yi ta ido da ido. Ki jira ni gobe da safe, Inna. Sau ɗaya dai a rayuwarki ki ji maganata."

Makanike, da ke karantawa ta bayan kafaɗarsa, ya ce, "Haka za ka aika wa mara lafiya?"

"Haka."

Ya aika. Sannan ƙarfinsa ya ƙare, ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar tebur yana kuka irin na manya, wanda ba ya fita da sauti. Makanike ya je ya duba ma'aunin ruwa a madadinsa, ya karanto lambar ya faɗa wa hedikwata ta oba-oba.

Gab da magariba layin ya sake buɗewa. Dogo ya miƙe da kyar ya buga umarnin duba akwati. Saƙon Auta ne a sama.

"Na karanta mata duka, har wurin taurin kan, ban rage komai ba. Ta juyo daga bango. Ta ce, 'Yauwa. Yanzu na ji shi.' Ta riƙe hannuna, ba ta sake magana ba. Yaya, Inna ta cika. Sai haƙuri."

Ƙarƙashinsa akwai wasu saƙonni daga Injiniya, gunduwoyin muryar Inna da suka samu shiga a wannan karon. Dogo ya goge fuskarsa da hannun riga, ya buɗe na farko, ya zuba shi a fayil, ya duba sunan da kyau kafin ya danna. Sauran suna hedikwata suna jiran layi.